Teɓa ba arziki ba ce

Ɗan'uwa mai karatu, da ke ƴar'uwa, maganar yau ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Maganar ƙiba ce. A ƙasarmu in namiji ya ajiye tumbi sai a ce ya samu. In mace ta yi teɓa har tana tashi da ƙyar, sai a ce mijinta ya iya kiwo. In amarya ta shekara ba ta ƙara jiki ba, sai dangi su fara gunaguni, ko ba a ba ta abinci ne? Maroƙi ma in ya hango mai ƙaton ciki ya fi ɗaga murya. Mun gaji wannan ra'ayi, mun riƙe shi gam. Ga shi yana kwantar da magidanta tun suna da sauran ƙarfi.

Ni dai na ce teɓa ba arziki ba ce. Kaya ce mai nauyi, wadda zuciya da gwiwa ke ɗauke da ita dare da rana. Na kuma ce ana iya sauke ta sannu a hankali, ba tare da an sayi ko ƙwaya ɗaya ba. Ka karanta har ƙarshe, sa'an nan ka yanke hukunci.

A Magariya za a yi maganar ƙiba?

Na san abin da wani zai ce. Zai ce: "Malam, ka rasa inda za ka kawo maganar rage jiki sai Magariya da Dungas, inda yara ke fama da tamowa?" Yana da gaskiyarsa. Ba mu manta da 2005 ba, shekarar da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara aiki a Magariya saboda yunwar yara. Ba mu manta da damanar 2018 ba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka haɗu. Yara sama da 700 suka kwanta lokaci guda a asibitin Magariya, har ƙungiyar ta sanar cewa wajen yara 10 ke rasuwa kowace rana. Wanda ya ga wannan ba zai yi wasa da maganar abinci ba.

Amma ka shiga kasuwa ka duba da idonka. Dubi masu kanti da masu awon hatsi. Dubi dillalan dabbobi masu zuwa Maigatari ranar Alhamis. Dubi direbobi da ma'aikatan biro da hajiyoyi masu saro kaya. Nawa ne cikinsu ke iya sunkuyawa su ɗaura igiyar takalmi ba su yi nishi ba? A binciken lafiya da aka yi cikin ƙasar Nijar a 2012, an auna mata masu shekara 15 zuwa 49. Cikin kowace 100, wajen 16 sun rame fiye da kima, wajen 18 kuma nauyinsu ya wuce kima. Masu ƙibar sun fi yawa a birane kamar Yamai. Sai dai abin da ya shiga birni yau, gobe yana ƙauye.

Wani lokaci ma gida ɗaya ne. Maigida da tumbi, yaro kuwa ana ƙirga haƙarƙarinsa. Maigida ya sha shayi da madara da burodi a tasha. Da rana ya ci tsire. Da dare aka tsamo masa tsokar miya. Yaro ya wuni da farau-farau da ƙanzo. Ashe ke nan maganar ƙiba da maganar tamowa sun haɗu wuri ɗaya, wato wajen rabon abinci a cikin gida. Naman da ke cutar uba shi ne maganin ɗansa.

Akwai kuma wani abu da likitoci suka gano. Yaron da ya sha yunwa tun yana ciki, ko yana goye, jikinsa yakan koyi tattali. In ya girma ya samu wadata, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon sukari. An ga haka a Inugu ta Nijeriya. A 2010 aka fito da sakamakon awon mutum sama da 1,300. Waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara, daga 1968 zuwa farkon 1970, sun fi na baya gare su yawan hawan jini da yawan sukari a jini. To, mu fa? Waɗanda aka haifa cikin farin 1973 da 1974 sun haura shekara 50. Ƴaƴan yunwar El-Buhari ta 1984 da 1985 sun kama 40. Su ne magidantan yau. Su ya fi kamata su ji tsoron tumbi.

Daga ina teɓar ta fito?

Kakanninmu suna cin tuwo malmala uku, su kora da fura ƙwarya guda, ba su ajiye tumbi ba. Me ya sa? Aiki. Namiji ya wuni da hauya a gona. Ranar kasuwa ya tako da ƙafa daga Yekuwa ko Sasumburum, ya koma da ƙafa. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta ja ruwa da guga, ta yo itace. In damana ta yi tsakiya, aiki ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, kowa sai ya zube. In kaka ta yi, jiki ya dawo. A wani ƙauye mai suna Keneba a ƙasar Gambiya, likitoci sun yi shekaru suna auna manoma. Sun ga babban mutum yana zubar da kilo uku ko fiye a damana, ya mayar da su bayan girbi. Kitse rumbun jiki ne. Ana zubawa lokacin samu, ana ɗiba lokacin rashi.

Yau ga moto, ga injin niƙa, ga famfo, ga amalanke. Ba zagin inji nake ba. Allah ya saka wa wanda ya kawo injin niƙa, ya hutar da iyayenmu mata. Amma ga wasunmu aiki ya ragu, ci bai ragu ba. Ana ta zubawa a rumbu, ba a ɗiba.

Yadda ake auna hatsi da tiya, haka ake auna ƙarfin abinci da wani ma'auni mai suna kalori. Namijin da ya wuni yana noma yana iya ƙone kalori 3,000 ko fiye. Wanda ya wuni zaune a kanti, wajen 2,300 ne. Tsakaninsu akwai 700. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa wajen kalori 7,700 ne. Ɗauki alli ka buga: 700 sau 11 ya ba da 7,700. Wato mai kanti in yana cin abincin manomi, rarar kwana 11 ta kai kilo guda. Jiki ba ya bin lissafi daidai wa daida, amma ka ga inda aka dosa.

Abincin ma ya sake. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori wajen 120. Cokali nawa ake kwararawa bisa shinkafa da wake? Nawa ƙosai da fanke ke sha a kasko? Kwalbar lemu ɗaya mai santilita 33 tana ɗauke da sukari wajen giram 35, kamar ƙwaya 7 ke nan. Mai shan raken Waca ko na Bande sai ya wahalar da haƙori kafin ya samu zaƙi. Mai shan lemu cikin minti ɗaya ya zuba ƙwaya 7 a ciki, kuma bai ƙoshi ba. Ga shayin fada, na fari da na biyu da na uku, kowane da nasa sukari, safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a 2015 kada sukarin babban mutum ya wuce wajen giram 50 a rana, ƙwaya 10 ke nan. Ta ce in an tsaya a rabin haka ya fi. Gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya. Ka sani dunƙulen ɗanɗanon miya kusan rabinsa gishiri ne.

Abin da teɓa ke jawowa

Teɓa ita ke share wa hawan jini da ciwon sukari hanya. Daga nan sai shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa. Mace mai teɓa ta fi shan wahala wajen ciki da haihuwa. A binciken da aka yi a Nijar a 2007, an tarar wajen manya 4 cikin 100 suna da ciwon sukari. A duniya kuma, OMS ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 yana da teɓa.

Ciwon sukari ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Abokin zama ne. Yana taɓa ido, yana taɓa ƙoda. Ƙaya ta soki ƙafa, miki ya ƙi warkewa, wani har a yanke ƙafar. Sai a yi ta jigila zuwa babban asibitin Damagaram, ko a tsallaka Kano. A sayar da akuya, a sayar da sa, wani har gona. Arzikin da aka ce tumbi ya nuna, tumbin ne ke cinye shi.

Yaya za ka san ko naka ya wuce kima? Ba sai da sikeli ba. Nemi igiya. Auna tsawonka da ita daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka yanke. Ninka ta biyu. Zagaya cikinka da ita, ɗan sama da cibiya, kada ka haɗiye ciki. In bakin igiya ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, wannan magana taka ce. Ƙa'idar ita ce, kewayen cikinka kada ya kai rabin tsawonka. A Ingila hukumar da ke tsara aikin likitoci ta ba da wannan shawara a 2022.

Masu sayar da ƙwayar ƙiba

Yanzu bari in juya ga masu cin kasuwa da jikinmu. Na farko su ne masu tallan magani a faranti da bisa tabarma ranar kasuwa. Suna sayar wa ƴan mata da amare ƙwayar da ake kira "sha ka fashe". Sunan kaɗai ya isa gargaɗi. Mafi yawa magani biyu ne. Ɗaya sunansa Sifuroheftadin, maganin ƙaiƙayi ne, yana buɗe ciki yana sa barci. Ɗayan sunansa Dekizametazon, magani ne mai ƙarfi da likita ke ba da shi da awo, ga cuta ta musamman.

Wadda ta daɗe tana shan Dekizametazon, fuskarta takan yi zagaye, wuya da ciki su cika, ƙafafu kuwa su sirance. Jiki yana riƙe ruwa. Jini yana hawa, sukari yana hawa, ƙashi yana rauni, garkuwar jiki tana faɗuwa. Mutane suna cewa ta yi kyau, ita kuwa cuta take sha da kuɗinta.

Laifin ba na yarinyar kaɗai ba ne. Uwar da ta ce "ƴata ba za ta shiga ɗaki kamar kara ba", tana da kaso. Uwar miji mai habaici tana da kaso. Mijin da ke yaba matar maƙwabci don ta fi cika zane, shi ma yana da nasa. Ku iyaye, wace riba ce a kai yarinya ɗaki da kumatu, bayan shekara kaɗan a dawo da ita da hawan jini?

Ke kuma da kika riga kika daɗe kina sha, kada ki yanke rana ɗaya. Yankewa farat ɗaya tana da haɗari ƙwarai. Ɗauki kwalin ki tafi gidan likita, ki faɗi gaskiya. Su za su nuna miki yadda ake ragewa kaɗan-kaɗan.

Masu sayar da shayin rama

Na biyu su ne masu shayin rage tumbi da garin "narke kitse". Suna cewa kwana bakwai ka zama saurayi. Sau da yawa mai sayar da ƙwayar ƙiba shi ne mai sayar da shayin rama, faranti ɗaya. Da yawa cikin irin wannan shayi maganin wankin ciki ne, dangin filasko. Ka sha, ka wuni kana zagayawa. Ka hau sikeli ka ga kilo biyu sun tafi. Ruwa ne ya tafi, ɗan'uwa. Kitse yana nan inda yake. Ka sha ruwa kwana biyu, kilonka sun dawo, kuɗinka ba su dawo ba.

Akwai kuma masu horon kansu da yunwa. Mutum ya ji tsoro, sai ya daina tuwo, ya daina fura, ya koma ruwan zafi da lemun tsami. Mako biyu, jiri ya kama shi. Mako uku, ya faɗa wa tukunya kamar kura. Ji abin da ya faru a Amurka. An yi wata gasa a talabijin ta rage ƙiba da gaggawa. Likitoci suka bi mutum 14 daga cikin ƴan gasar 2009. Cikin mako 30 kowannensu ya zubar da wajen kilo 58, in an raba daidai. Bayan shekara shida aka sake auna su, aka fito da labarin a 2016. Wajen kilo 41 sun dawo. Jikinsu kuma ya koma ƙone abinci ƙasa da yadda ya kamata, da wajen kalori 500 a rana. Jiki in ya ga yunwa mai tsanani, cewa yake fari ne ya zo, sai ya ƙulle rumbu.

Mu ma muna ganin irinta kowace shekara. A watan azumi mutane da yawa sukan rage kilo ɗaya ko ɗaya da rabi. Makonni kaɗan bayan salla, sun dawo. Wasu ma ƙaruwa suke yi, don da an sha ruwa sai ƙosai da kunu mai sukari da soye-soye har sahur. Abin da ya shekara goma yana taruwa ba ya watsewa a wata ɗaya.

Ka ci daidai aikinka

To, mene ne mafita? Ita ce wadda kakanninmu suka bi bisa tilas, mu kuma za mu bi bisa hankali. Ranar aiki mai nauyi ka ci da kyau. Ranar zama ka rage. Kwanakin mako ba ɗaya suke ba, don me cinsu zai zama ɗaya? Ranar da ka yi huɗa, ko ka yi ban ruwa a lambu, ko ka buga tubali, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da ka wuni bisa benci kana ba da canji, me za ka yi da malmala uku?

Ga lissafi ga ƴan ajin yaƙi da jahilci. A ce mutum yana ƙone kalori 2,400 a rana, in an haɗa ranakun aiki da na zama an raba. A mako ya ƙone 16,800. Sai ya tsara cinsa haka: kwana 3 na aiki, kowace rana 2,300, ya kama 6,900. Kwana 4 na zama, kowace rana 1,600, ya kama 6,400. Jimla 13,300. Cire 13,300 daga 16,800, saura 3,500. Wannan giɓi daga rumbun jiki za a cike shi. Kusan rabin kilo ke nan a mako. Kada ka raina shi. In an jure wata uku, an sauke wajen kilo 5 ko 6. Daga baya saukar takan yi sanyi, don ƙaramin jiki ƙaramin ci yake bukata. Wannan ba abin tsoro ba ne.

Na san ba mai yawo da alli yana ƙirga kalori a bakin akushi. Don haka ga shi da awon gida.

Ranar zama: malmala ɗaya maimakon biyu, miya kuwa a cika ta. Kuka, kuɓewa, yakuwa, lalo, duk suna cika ciki ba su da nauyi. Kwaɗon zogale ko na rama ko na tafasa, da ƙuli-ƙuli kaɗan, mai kaɗan. Fura da nono ba sukari, ludayi ƙidayayye. Wake dafaffe yana riƙe ciki ya daɗe.

Ranar aiki: ƙara malmala, ƙara fura. Ba laifi.

Kowace rana: mai da cokali za a auna shi, kada a tuttula daga kwalba. Shayi a rage masa sukari rabi, bayan wata ɗaya a sake ragewa. Harshe yana sabawa. Lemun kwalba a bar shi sai ranar salla ko buki. Ƙishirwa ruwa take so.

Ranar suna ko ɗaurin aure ka ci rabonka cikin jama'a, kada ka zama abin kallo. Washegari ka mayar da ita ranar sauƙi. Amfanin wannan tsari ke nan. Ba ya raba ka da mutane, kuma in ka zarce yau, gobe kana da wurin gyara. Mai azumin Litinin da Alhamis ya riga ya samu kwana biyu na sauƙi, muddin bai rama da dare ba. Malamanmu kuma sun daɗe suna karantar da mu a raba ciki uku, a bar wa ruwa da numfashi wurinsu.

Kada wani ya ruɗe ka cewa akwai wani asiri cikin sauya ranaku. Jimlar mako ita ce magana. A birnin Shikago na Amurka an gwada mutum 100 har shekara guda, aka fito da sakamako a 2017. Wasu suna cin kaɗan ƙwarai yau, gobe su ci da yawa. Wasu suna rage kaɗan kowace rana. A ƙarshen shekara ragin ya zo kusan ɗaya, wajen kilo 5 zuwa 6 cikin kowane kilo 100 na jiki. Amma masu tsananta wa kansu sun fi yawan gudu su bar tsarin. Darasi a nan shi ne, ranar sauƙi kada ta zama ranar azaba. Tsarin da za ka iya riƙewa shekara da shekaru, shi ne naka.

Ƙafa ba ta karye ba

Rage ci shi ke sauke kilo. Motsa jiki shi ke hana su dawowa. OMS ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi mai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Minti 30 ke nan, kwana 5. Tafiya ce da sauri, wadda za ka iya magana cikinta amma ba za ka iya waƙa ba.

A Amurka an tara mutum 3,234 waɗanda ciwon sukari ke gab da kamawa. Aka ce wa kashi ɗaya su rage kilo 7 cikin kowane 100 na nauyinsu, su yi tafiyar minti 150 a mako. Aka ba wani kashi ƙwayar magani. Aka bar wani kashi da shawara kawai. Sakamako ya fito a 2002, bayan wajen shekara uku. Masu tafiya da rage ci, kamuwarsu da ciwon ta ragu da 58 cikin 100. Masu ƙwaya, da 31 cikin 100. Ka ji, ƙafa ta fi ƙwaya. Kuma dubi ƙanƙantar abin da aka nema. Mai kilo 90, wajen kilo 6 kawai zai sauke. Ba a ce ka koma kamar sanda ba.

A can kuma tun 1994 ake rubuta sunayen mutanen da suka rage ƙiba mai yawa, ba ta dawo ba. Sun haura 10,000. Da aka tambaye su, wajen 9 cikin 10 suna motsa jiki kusan awa guda kowace rana. Mafi yawansu suna karya kumallo, suna kuma auna nauyinsu kowane mako.

Abin da ke hana mu tafiya kunya ce. Alhaji in ya taka da ƙafa zuwa kasuwa, sai a ce ya karye. Hajiya in ta ɗauki taɓarya, sai a ce ina ƴan aikinta? Har masallacin unguwa sai an tayar da moto. Wace kunya ta fi, a gan ka kana tafiya da ƙafarka, ko a gan ka an ɗauko ka a amalanke, ɓarin jiki ya mutu?

Ba sai ka sayi komai ba. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ka zagaya gonarka da ƙafa. Ka ajiye moto in tafiyar ba ta kai kilomita biyu ba. In ka sa ƴan ƙwadago, karɓi kuyya ɗaya ka yi tare da su. Da rani, mai fili a fadamar Korama ya kama lambu. Ya samu aikin jiki, ya samu kabeji da tumatir da salati na miya. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa. In ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri, tsaya, ka ga likita.

Ku kuma mazan da matanku ba su fita, nauyin yana wuyanku. Mace tana cikin gida shekara da shekaru, inji ya karɓe daka, yara sun karɓe ɗiban ruwa, me zai hana ta teɓa? Ku bar su su taka da ƙafa zuwa gidan dangi da gidan likita. Ke ma ƴar'uwa, wata rana riƙe hatsin furarki ki daka da hannunki. Shara da wanki da zagaya tsakar gida da sauri, duk motsi ne. Ku haɗu ku biyu ko uku, abin ya fi daɗi.

Waɗanda ba da su nake ba

A ji ni da kyau. Mace mai ciki da mai shayarwa, ba da ku nake ba. Ku ƙari kuke bukata. Yara masu tasowa, da tsoho mai rauni, da mai tarin fuka, da duk wanda igiyarsa ta haɗu har ta yi saura, kada su rage ko loma ɗaya. Manomin da ke wuni da hauya, damana ta riga ta yi masa awo.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, kada ya sake tsarin cinsa sai ya shawarci likita, don sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ya suma. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba dalili, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, kada ya yi murna. Ya je a auna jininsa.

Kumburi kuma ba ƙiba ba ne. In ƙafafun yaro sun cika, danna bayan ƙafar da babban yatsa, ka ƙirga uku. In rami ya zauna a ƙafa biyun, tamowa ce mai tsanani. A kai shi gidan likita ranar nan.

Abin da ya rage gare ka

Daga Bande zuwa Dogo-Dogo, daga Malawa zuwa Tinkim, kowa ya san gidan da ciwon sukari ko hawan jini ya shiga. Kowa ya san abin da ya ci. Saboda haka yau ka nemi igiya ka auna. In ba ta haɗu ba, je gidan likita a duba jininka, a ɗora ka bisa sikeli. Ka iya rubutu yanzu, sai ka sami ɗan littafi ka rubuta kilonka da kwanan wata. Kowane wata ka koma ka sake rubutawa.

Kuɗin lemu da na sukarin da ka rage, kada su tsaya a aljihu. Sayi ƙwai, sayi wake da gujiya, a sa a kwanon yara da na mai ciki. Kai ka sauke kaya, su kuma su yi ƙwari. In an zo ana yi wa wani kirari don tumbinsa, kai ka yi wa wanda ya kai shekara 70 yana zuwa gona da ƙafarsa.

Ka karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.